Ƙofar da Ta Yi wa Lantana Barka

Ƙofar ta yi wani siririn ƙara, fitilunta suka koma kore, sannan ta yi magana da muryar dattijuwa. “Sannu da zuwa, baiwar Allah. Tako a hankali.”

Likita Safara'u ta ji kamar ta daka tsalle. Shekaru ta kwashe tana ƙera wannan Ƙofar Gani a asibitin mata na Birnin Tsauni, can saman hasumiya, inda jiragen igiya, masu tafiya rataye a sama, ke sauke marasa lafiya ta baranda. Yau ake buɗe ta. Zauren ya cika maƙil da manyan gari da 'yan jarida, ga layin mata har waje.

Kafin ƙofar, na'urori biyu ne ke duba mahaifa, kuma ba su cika jituwa ba. Akwai hoton sauti, wanda mata ke kira sikanin. A shafa mai a mara, a ɗora kan na'urar, ta aika sauti ciki ta saurari amsa-kuwwarsa. Ga sauri, ga sauƙi, amma ganinsa yana hannun mai riƙe shi, in ƙari ya yi yawa kuma sai hoton ya dagule. Akwai kuma hoton maganaɗisu. Shi kam gwani ne, yana rarrabe bangon mahaifa hawa-hawa. Sai dai a raba mace da 'yan kunne da duk wani ƙarfe, a tura ta cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa, a ce ko motsi kada ta yi. Safara'u ta haɗe su wuri guda. Mace ta ratsa ƙofar da zaninta da mayafinta, sauti da maganaɗisu su duba tare, kowa ya gyara kuskuren ɗan'uwansa.

Wadda ke tsaye a bakin ƙofar kuwa Lantana ce, matuƙiyar jirgin igiya. Ta daɗe da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, ga ciwon mara ya sa ta gaba. Sikanin ya ce ƙari ne, ana iya ciro shi a bar mahaifa. Maganaɗisu ya nuna kamar fatar cikin mahaifar ce ta kutsa cikin tsokarta ta ko'ina, amma Lantana ta tsorata a ramin ta motsa, hoton ya fito da shakka. Likitocin tiyata suka bi na biyun, har an sa ranar cire mahaifar.

“Yaya Lantana, ki ba ni dama ɗaya,” Safara'u ta roƙe ta. Shi ya sa Lantana ta zo, tare da surukarta Hajiya Kande, wadda ta zauna a sahun gaba tana jan carbi.

Lantana ta yi bismilla ta taka. Allon da ke gefen ƙofar ya haska, mahaifar ta bayyana tana juyawa a hankali, kowane hawa da launinsa. Safara'u ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Tsokar lafiya lau. Ƙarin ɗaya ne, zagaye, da iyakarsa tsaf, ya raɓe a gefe.

“Ba za a cire ba,” ta ce. “Wallahi ba za a cire ba, Yaya. Ƙari ne kawai.”

Zauren ya kaure da tafi. Lantana ta dafe ƙirji tana dariya tana hawaye. Injiniya Nafi'u, wanda ya haɗa wa ƙofar murya, sai washe baki yake yi. Shi ne ya dage cewa na'urar da za ta yi hulɗa da iyayenmu mata dole ta san ladabi. Ya koya mata gaisuwa, ya koya mata jaje, ya koya mata cewa duk inda aka ga abin alheri, barka ake yi. Yau kuma, saboda manyan baƙi, ya haɗa ta da lasifikar zaure.

Fitilun suka sake ƙiftawa. “Barka da arziki, Malama Lantana,” in ji ƙofar, kowa na ji. “Kina ɗauke da ƙaramin ciki. Allah ya raba lafiya.”

Wasu 'yan jarida suka fara tafi, da suka ga matan ba su taya su ba, suka sauke hannu. Hajiya Kande ta kawar da kai ta tsura wa bango ido. To ina aka taɓa yi? Cikin fari ko uwar mace ba a gaya wa da baki, sai dai ta lura ta yi kamar ba ta gani ba. Ana ɓoye shi saboda kunya, ana ɓoye shi saboda bakin mutane. Ga shi yau an shelanta shi gaban suruka da hakimin gari.

Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa mutane ta fita. Safara'u ta bi ta da gudu, ta cim mata a barandar jirage.

“Yaya, tsaya. Abin murna ne fa. Amma ƙarin nan zai iya girma tare da cikin, dole ki riƙa zuwa ana dubawa.”

“Ta ƙofar nan?”

“Za mu cire lasifikar. Yau ɗin nan.”

“Ki cire.” Lantana ta share ido da gefen mayafi. “Na gode da mahaifata, Likita, Allah ya saka. Amma shekarun nan duka wannan maganar nake jira. Na so a ce ni na fara jin ta, ni kaɗai, in riƙe abina ko na wata ɗaya ne. Yanzu gari ya riga ya karɓe.”

Ta shiga jirgi ba ta waiwayo ba.

Da Safara'u ta koma zaure, layin matan ya watse. Sun sulale ɗaya bayan ɗaya, har da wata da aka kawo ranga-ranga tana zubar jini, wadda ta ce gara a mayar da ita gida. An cire lasifikar a ranar, an yi ta sanarwa a rediyo cewa ƙofar ta daina magana. Matan Birnin Tsauni suka ce ai ba ta daina gani ba. Ranar da aka sa wa Lantana ta dawo dubawa, Safara'u ta wuni a baranda tana leƙa kowane jirgi da ya tsaya.