Warin Khal a Gidan Boga na Tuna Baya

Da hantsin Alhamis aka kai ƙorafi ofishin 'yan sanda na Bani Malik cewa an yi sata a gidan cin abinci na Tuna Baya. Sufeto Zaharadden ya ɗauki hularsa ya fita.

Haifaffen Jidda ne, Larabcinsa tas. Hausa kuwa yana jin ta sarai, faɗarta ce aiki. Har mahaifiyarsa ta rasu tana yi masa dariya, wai ɗan nan ba ya raba "shi" da "ita". Saboda tsiyar nan tata, kunnensa ya saba kama kalmomin biyu duk inda suka faɗo.

Yana shiga ya tsaya cak. Kai, wurin ya haɗu! Kujerun ƙarfe irin na da, tsofaffin rediyoyi a jere, farin ƙyalle a bango, ga majigi a tsakiyar ɗaki yana sheƙi. Ƙamshin nama da albasa kuma ya cika ko'ina.

Mai wurin, Hussaini, ya tarbe shi da Larabci yana haki.

"Faifai ɗaya aka ɗauke, Sufeto. Cikin arba'in, ɗaya tak!"

"Na mene ne?"

"Fim ɗin unguwar Ammariyya ne shekara hamsin da suka wuce. Minti goma sha ɗaya. Duk Juma'a bayan la'asar muke haska shi, tsofaffi su zo da jikokinsu, ana cin boga, burodin nan mai nama a tsakiya, ana hawaye. Babu irinsa a duniya."

"Wa kake zargi?"

"Jabiru, mai gasa mana nama. Sunsuna kabad ɗin nan. Warin khal ne fa, ruwan tsamin nan na girki. Wa ke taɓa khal in ba mai kicin ba? Ni ne kafilinsa. In ya tabbata, halas, na soke iƙamarsa ta zama a ƙasar nan ya koma gida."

Sufeto ya duba kwaɗon. Ba a fasa ba. Majigin da ya fi komai daraja kuma ko ƙwarzane babu.

A kicin ya sami Jabiru, ɗan shekara arba'in da wani abu, yana mulmula nama yana barbaɗa yajin ƙuli. Kowane curi daidai yake da ɗan'uwansa.

"Ina kake jiya da azahar, lokacin da aka rufe shago?"

"Masallaci, ranka ya daɗe."

"Wa ya rage a ciki?"

"Ban ga kowa ba."

Ya faɗa ne yana kallon firji. Sufeto ya lura.

"Ina kake ajiye khal?"

"Ba na aiki da shi. Lemun tsami nake matsawa."

Sufeto ya bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne, ko ɗigo babu. Ya koma kabad, ya buɗe wani gwangwanin faifai, sai warin ya buge shi har ya yi atishawa. Ashe daga faya-fayan ne kansu. To, me ya sa mutumin da ba ruwansa yake ƙarya, alhali iƙamarsa da abincin 'ya'yansa huɗu na cikin haɗari?

Ana haka mai haska majigin ya shigo, Baba Usuman, tsoho siriri mai farin gemu. Bai gaishe da kowa ba sai da ya ciro ƙyalle ya goge gilashin na'urar. Yatsunsa sun san kowace ƙusa tata. Sufeto ya tsaya yana kallonsa, abin ya burge shi ƙwarai, sannan ya yi masa magana da Larabci.

"Ya ammi, kana da makullin kabad?"

"Ina da shi. Amma rabona da faifan tun Juma'ar da ta wuce."

"Me ke sa faifai warin khal?"

Tsohon ya ci gaba da goge gilashin.

"Tsufa. In ya fara wannan wari, mutuwa yake yi. Zafi na gaggauta shi."

Jabiru ya leƙo daga kicin. Baba Usuman ya ga kaki, ya ji Larabcin Hijaz, bai kawo komai a ransa ba. Ya juya ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa:

"Yi shiru abinka, ɗana. Tana nan lafiya cikin sanyi. Fitilar nan ce za ta ƙarasa ta."

Sufeto ya ji kamar mahaifiyarsa ce ta ja masa kunne. Faifai ai "shi" ne. Tsoho irin wannan, da ya sha Hausa a nono, ba zai yi kuskuren da shi Zaharadden yake yi ba.

Ya gyara murya, ya haɗo Hausarsa.

"Baba, wace ce ita?"

Ƙyallen ya faɗi daga hannun tsohon. Jabiru ya dafe kai yana salati.

"Au, kai namu ne?" in ji tsohon.

"Naku ne. Kuma Hussaini ya rantse yau zai soke iƙamar Jabiru saboda faifan nan."

"Subhanallahi!" Baba Usuman ya juya ga Jabiru. "Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Ai na ga ranka na ciki, Baba."

Tsohon ya shiga kicin da kansa, ya buɗe firji, ya ɗaga tiren nama. Ga gwangwanin nan a ƙasa, naɗe cikin tsohon mayafi.

"Ni na ɗauka. Jabiru ya gan ni da ya dawo daga alwala, ya rufa mini asiri." Ya shafa murfin. "Fatu ce, matata. A minti na bakwai za ta fito daga lungu da farantin waina a ka, ta ga mai ɗaukar hoto ta yi dariya ta rufe baki. Ƙiftawar ido ne. Shekararta goma sha biyu a kabari, ba ni da hotonta ko ɗaya sai wannan. Kuma ni ne nake ɗora ta a kan fitila duk Juma'a, da hannuna, ina kallon fuskarta tana dushewa. Sau uku na ce a hutar da ita."

Hussaini, da ke tsaye a bakin kicin, ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka mitar tsufa ce, ya ammi. Wallahi ban sani ba." Ya kama hannun Jabiru. "Ka yafe ni. Gobe zan nemo masu kwafe shi a na'ura, kafin nan ba a sake haskawa."

Tausayi ya kama Sufeto, amma ƙorafi ya riga ya shiga takarda.

"Baba, sai mun je ofis ka ba da bayani. Hussaini zai biyo mu ya janye, in ya ga dama."

"Yalla, ina bayanku," in ji Hussaini.

Sufeto bai ciro ankwa ba. Hannun tsohon ya riƙe, kamar yadda ake riƙe uba a bakin titi. Sun kai ƙofa Baba Usuman ya waiwayo.

"Don Allah a mayar cikin sanyi."

"Kwantar da hankalinka, Baba. Ba mai taɓa shi."

Sai Sufeto ya tsaya, ya dubi mayafin da ke hannun Jabiru.

"Ba mai taɓa ta," ya ce, ya buɗe wa tsohon ƙofar mota.