Kwalba Ta Goma Sha Uku

"Likita, yau goma sha uku na kawo miki."

Na ɗago daga kan na'ura. Dogo ne tsaye a bakin kanta, rungume da kwalin da ya saba kawowa. Ya rame, har rigar tana yi masa yawa a kafaɗa. Kwana goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayansa, kuma yau ne ya fara tako ɗakin gwajinmu tun ranar.

Aikina gwada baƙin mai ne. A tsiyayo shi daga inji a kawo mini, ni kuwa in faɗi abin da ke cin injin daga ciki. Dogo shi ke kula da babura goma sha biyu na wani kamfanin kai saƙo. Duk wata yake kawo kwalabe goma sha biyu, kuma a gindin ta ƙarshe sai ya liƙa mini 'yar takarda. Ta farko cewa ya yi, "Likitar mai, a duba ni ma, injina na zafi." Sai da na yi wata uku kafin na iya kallon idonsa. Yanzu saura wata biyu aurenmu.

"Ta goma sha ukun fa?" na tambaya.

"Ta babur ɗin Yaya ce. Da hannuna na tsiyayo."

Ya zaro ta daga cikin kwalin.

"Mutane na ta surutu," ya ce. "Wai sakaci ya yi, wai ba ya juyen mai, shi ya sa injin ya cije masa a kan babbar hanya. Har a gaban 'ya'yansa ake faɗa! Mutumin da ya fi kula da babur ɗinsa a kan cikinsa..."

"Ka yi haƙuri..."

"Ke kaɗai za ki wanke shi, zuciyata. Mai ba ya ƙarya, ke kika koya mini."

Na karɓi kwalbar. Ban ce masa na tuna ba: sati biyu kafin haɗarin, a garejin Babana aka sauke injin nan aka yi masa gyara. Dogo ne ma ya tura Yaya can, yana dariya, "Kai wa surukina, hannunsa ya fi na masu ƙera shi."

Kafin azahar sakamakon ya fito.

Kaurin man daidai yake, ƙarfinsa bai kai ga mutuwa ba. Sabon juye ne, Yaya bai yi sakaci ba. Amma garin ƙarfen da ke ciki ya ninka abin da aka saba gani sau da yawa, kamar an sa zarto an goge cikin injin. Ga kuma yashi mai yawan gaske.

Na ce wa kaina ƙurar hanya ce, filtar iska ce ta yage. Na ɗiga man a kan gilashi na tura ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ina addu'a.

Ƙurar hanya na san ta, ruwan ƙasa ce, wata babba wata ƙarama. Waɗannan kuwa baƙaƙe ne masu kaifi, kusan duk girmansu ɗaya.

Na san su tun ina 'yar shekara bakwai. Man wasa bawul ne, na goge bakin bawul ɗin inji, mai zama a ɗan gwangwani mai murfi biyu cikin akwatin Baba. Ana shafa shi a murza bawul har ya zauna daram, sannan a wanke tas, don ko kaɗan ya rage sai ya bi mai ya cinye inji. Baba sau uku yake wankewa da fetur, sannan ya goge da farin ƙyalle. Sai ƙyallen ya fito fari yake ɗaurewa. Shekara talatin bai taɓa tsallake wannan ba.

Na kifa kaina a kan tebur. Na fi wata shida ina ganin Baba yana lalubar sifana da ke gabansa, yana zuba ruwa gefen kofi, yana amsa gaisuwa sai ya ji murya tukuna. Na gani, na kuma yi shiru, wai kada in kunyata shi.

Da yamma na biya garejin. Baba na zaune a kan tsohuwar taya, yana goge hannu.

"A'a, Uwata! Yau 'yan boko sun tuna da masu datti?"

Ban iya dariya ba. Na ɗauki ɗaya daga cikin ƙyallayensa, na ɗan shafa shi a bakin gwangwanin, na miƙa masa.

"Baba, wannan ya fita?"

Ya ɗaga shi sama wajen haske, ya juya shi, ya ƙanƙance ido.

"Fari tas. Me ya faru?"

Tabo mai ruwan toka ne shimfiɗe a tsakiyarsa, faɗin tafin hannu.

Sai kawai na durƙusa a gabansa na fashe da kuka. Ban san yadda na haɗa maganar ba. Na dai ce kwalba, na ce Yaya, na ce man wasa. Baba ya sake ɗaga ƙyallen da ke hannunsa.

"Innalillahi... Uwata, ni na kashe yaron nan?"

"Ba da gangan ba ne, Baba! Zan iya rubuta ƙura ce. Babu wanda zai sake dubawa, wallahi babu!"

"In kin rubuta ƙura, laifin wa ya zama?"

Filta aikin mai babur ne. Da na rubuta haka, na tabbatar wa 'ya'yan Yaya cewa ubansu ne ya yi sakaci.

"Na sa ki makaranta don ki ga abin da ban iya gani," ya ce a hankali. "To kin gani. Rubuta."

"Baba, aurena..."

"Na sani, Uwata. Na sani."

Ya tashi yana lalubar makullin gareji. Ni na ɗauko masa, yana rataye daidai gaban fuskarsa.

Washegari Dogo ya zo tun kafin mu gama share ɗaki. Na ajiye takardar a kan kanta, na ɓoye hannuwana a aljihun farar rigata.

Ya fara karantawa, fuskarsa ta washe. "Sabon juye! Na faɗa! Alhamdulillahi, Likita, Allah ya..."

Idonsa ya sauka layin ƙarshe. Shekara biyu yana karanta takarduna, ba ya buƙatar fassara.

"Ragowar man wasa bawul," ya karanta a fili. Ya ɗago. "Wa ya wasa bawul ɗin?"

"Ka sani."

"Ki faɗa mini ba haka ba ne. Ki ce na'urarku ta lalace!"

"Sau uku na gwada... Idon Baba ya tafi, Dogo. Na daɗe da lura, na kasa magana."

"Kin lura?" Ya ja da baya. "Kina zaune ranar da na ce wa Yaya ya kai masa. Kina zaune! Har murmushi kika yi!"

"Ka yafe mini..."

"Ni ma wa zai yafe mini? Ni na tura shi!"

Ya dafa kanta da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Na so in taɓa shi, na kasa.

"Da kin rubuta ƙura, da ban taɓa sani ba," ya ce can ƙasa.

"Da ni na sani. Kullum in kalli 'ya'yansa."

Ya share fuska da hannun riga, ya ninke takardar a hankali.

"Zan karanta wa yaran layin farko. Umma kuwa sai na karanta mata duka, ba zan ɓoye mata ba. Daga nan ban san ta yadda zan kai ki gidanmu ba, zuciyata. Ban san ta yadda zan zauna gaban Baba in gaishe shi ba."

"Kana sona har yanzu?" Ban taɓa yi masa tambaya irin wannan ba.

"Shi ne abin da ya fi ciwo," ya ce, ya fita.

Baba da kansa ya je gidan su Dogo, ƙanensa na riƙe da hannunsa. Sun ce sun yafe. Bayan sati ɗaya suka aiko cewa a bar maganar aure. Garejin bai sake buɗewa ba.

Da wata ya ƙare, direban kamfanin ne ya kawo kwalin. Kwalabe goma sha biyu, lambobin da rubutun Dogo. Na jira har kowa ya fita cin abinci, sannan na ɗaga ta ƙarshe na duba gindinta.

Babu komai.

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ko ya manta ya liƙa a wata. Sannan na jera su, na kunna na'ura.