Jan Fenti a Ƙofar Kamiyon Baƙo

Kun sha wuce tsohon kamiyon nan, babbar motar kayan da ke yashe a bakin hanyar Jiratawa, kuna kau da kai kamar ba ku san shi ba. Kwamitin adana kayan tarihi ya yi wa ma'aikaciyarsa Tahira alkawarin za a bar shi, don shi ya yi jigilar hatsi a shekarar yunwa. Tana ba da baya suka zaɓi adana motar wani attajiri mai sheƙi a maimakonsa, sannan suka miƙa mata jan fenti, ta je ta sa wa kamiyon alamar a yanka ƙarfensa.

Da almuru ta isa. Shekara talatin ba inji a cikinsa, amma da ta dafa ƙarfen sai ta ji ɗumi, ga warin gazuwal, man manyan motoci. Wani tsoho yana zaune a kujerar direba.

"Sannu, Baba," in ji ta.

"Yawwa, ɗiyata. Ni ne Baƙo. Fenti kuka kawo mana? Madalla, ashe an tuna da mu." Muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa. "Sawu arba'in muka yi Tibiri. Har uwarki na auna wa gero, kina goye."

Ta kasa gaya masa gaskiya. Ta sa bakin mayafi ta goge ƙofar, sai tsohon rubutu ya bayyana: Allah ya jiƙan Baƙo direba.

"Shafa mana," in ji shi, yana murmushi. "Me kike jira?"

Gobe da hantsi masu yankan ƙarfe za su zo. Ku riga su zuwa, ku tsaya gaban motar nan.