Fitilar Da Ba A Ganin Haskenta

Da hantsin ranar Litinin aka kira Sufeto sashen fiziks na jami'a. A hawa na biyu ya tarar da wata Dakta, matashiyar da ba ta wuce talatin ba, tsaye gaban wata durowar ƙarfe a buɗe.

Ta ce shekara huɗu ta yi tana fama da wata 'yar mitsitsiyar fitila, kamar kan ashana, wadda haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Cikin ɗari biyun da ta haɗa, ɗaya tak ta yi yadda ake so, ta ɗora ta a wani ɗan akwati mai batir da maɓalli. Ranar Alhamis za ta nuna ta ga wata cibiyar bincike ta ƙasar waje da ke shirin ɗaukarta aikin shekara uku. Yau ta zo, babu akwatin.

Ba a ɓalle ƙofar ɗakin binciken ba. Da kati ake buɗe ta, kuma mutum uku ke da shi: ita, Farfesan da take ƙarƙashinsa, da injiniya mai kula da na'urori.

Farfesa ya ce tsakaninsa da ita sai alheri. Sufeto ya tuna masa cewa duk benen ya ji cacar bakinsu kan sunan wa zai fara zuwa a takardar binciken.

"An yi haka," in ji Farfesa. "Amma ni in zan cuce ta, da biro zan cuce ta. Me zai kai ni durowa?"

Injiniya kuwa ya rantse bai taka wurin ba ranar Lahadi, sai da aka buɗe rajistar ƙofar a kwamfuta aka ga katinsa ƙarfe goma na safe. Nan ya amsa cewa wani aikin kansa ya lallaɓo ya yi da injin jami'a. Sai injiniyan ya sa yatsa a layi na gaba: ƙarfe huɗu na yamma, katin Dakta.

Sufeto ya ga wasu tabarau masu kauri rataye a bango, ya tambayi amfaninsu. Injiniya ya ce hasken fitilar ido ba ya ganinsa, amma yana ƙuna. Wanda ya ƙura mata ido babu tabarau, bayan 'yan awoyi zai ji kamar an watsa masa yashi. Duk wanda ke aiki a nan ya san haka.

Sufeto ya koma wurin Dakta.

"Ƙarfe huɗu jiya kina ina?"

"Gida. Barci nake."

"Katin fa?"

"Yana jakata."

"Ke da wa a gidan?"

"Ni da maigidana. Yau ma ko makaranta bai je ba, da ciwon ido ya tashi, har..."

Ba ta ƙarasa ba. Sufeto ya ga yadda ta dafa teburin, ya ji da ma bai yi tambayar ba.

Da suka isa gidan Dakta, sun tarar da falon duk labule a sake. Maigidan, malamin sakandare ne, yana kwance da jiƙaƙƙen tawul a fuska. Ya ce afolo ya ɗauka wurin ɗalibai, jiya da yamma kuma aski ya je.

"Masu gadin jami'a suna rubuta lambar kowace mota," in ji Sufeto. "In aika a ɗauko littafin, ko ka hutar da mu?"

Mutumin ya tashi zaune. Da ya janye tawul ɗin, idanun sun kumbura sun yi jajur, hawaye na zuba ba tsayawa.

Ya ce akwatin na bayan motarsa, ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana. Ba sayarwa zai yi ba, so yake Alhamis ta wuce kawai. Sau uku ya roƙe ta kada ta tafi, kullum sai ta ce za su yi magana.

"To me ya sa ka kunna?" in ji Sufeto.

"So nake in ga abin da ya fi ni a wurinta." Ya juya inda yake zaton tana tsaye. "Na danna, na kai shi dab da idona, na daɗe ina kallo. Wallahi ban ga komai ba."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya kama hannun mutumin, don ko ƙofa ba ya iya gani. Dakta ta matsa gefe suka wuce. Sai da suka kai bakin mota ta biyo Sufeto, ta roƙe shi a biya da shi asibiti a sa masa magani kafin caji ofis.

Sufeto ya tambaye ta ko abin zai warke.

"Kwana biyu ne," ta ce. "Idon nake nufi."