Kaburburan Kwali na Emmett

A garinmu, da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya, sai kabewa ta cika ko'ina. Ƙofar gida kabewa, tagar shago kabewa. Ganyaye su yi ja su zube, sanyi ya fara cizon kunne. Yara kuwa ba su da zance sai na Halowin: wa zai yi shigar fatalwa, wa zai fi kowa tara alewa.

A makarantar firamaren da ke bayan tsohuwar tashar jirgi, al'ada ce 'yan aji huɗu su shirya wa 'yan aji ɗaya bikin. Kowane babba yana da ƙaraminsa, wanda yake karanta wa littafi ranar Laraba.

Emmett ɗan aji huɗu ne. Ƙaraminsa shi ne Milo Pruitt, ɗan shekara shida. Baƙo ne a garin. A watan Agusta ya zo, yana zaune wurin kakarsa. Ba shi da yawan magana. Emmett kuwa baki gare shi kamar rediyo. Sai suka daidaita, ɗaya yana zuba, ɗaya yana saurare.

Ranar Litinin malamarsu, Misis Novak, ta raba aiki, don ranar Juma'a za a yi bikin.

"Tasha, ke ce da jemagun takarda," in ji ta. "Emmett, hannunka ya iya zane. Kai za ka yi mana kaburburan kwali."

Emmett ya yi tsalle don murna. Wannan shi ne aikin da kowa yake so. Ana yanka kwali kamar dutsen kabari, a shafa masa fenti ruwan toka, a rubuta abin dariya a kai, a jera a bakin ƙofar aji.

"Amma da sharaɗi ɗaya," in ji Misis Novak. "Sunayen ƙarya za ka rubuta. Kada in ga sunan wani yaro a kai. Ka ji ni?"

"Na ji, Misis Novak."

Ya ji ɗin, amma da kunne kawai.

Da ya koma gida ya baje kwalaye a gareji. Ya yanka, ya shafa fenti. A na farko ya rubuta: "Nan Kyaftin Tumbi ke kwance, tuffa ta shaƙe shi." Ya karanta, bai ji dariya ba. Irin wannan aka yi bara, irinsa aka yi bara waccan. Shi kuwa so yake a daɗe ana zancen nasa.

Sai wata dabara ta faɗo masa. Me zai hana ya sa sunayen ƙananan yaran? Ai kowa zai ruga neman nasa!

Ya yi guda shida. Na Milo ya fi ba wa lokaci, don shi ne nasa. Ya rubuta sunan gidansu da manyan baƙaƙe, kamar yadda ake yi a duwatsun gaske: PRUITT. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ya ƙara: "Ya sha alewa har ya fashe."

Ranar Laraba da safe Tasha ta leƙa cikin jakarsa.

"Kai, sarkin taurin kai! Ba an ce kada ka sa sunan kowa ba?"

"Ke dai ji da jemagunki," in ji Emmett. "Kamar kajin da mota ta take."

"To, mu zuba mu gani. In ta fashe, ba ruwana."

Emmett ya jira har Misis Novak ta fita ɗauko almakashi. Ya yi wuf ya jera kwalayen a bakin ƙofa. Bai gama ba sai ga 'yan aji ɗaya a layi, sun zo karatun Laraba.

Da farko abin ya tafi yadda yake so. Yara suka yi ta ihu suna dariya. Wani yaro har kwanciya ya yi a gaban nasa, ya zaro harshe.

Milo ne kaɗai bai yi dariya ba.

Ya tsaya a gaban nasa. Ya ɗora ɗan yatsa a kan baƙin farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai iya karatu sosai ba tukuna, amma wannan kalmar ya san ta.

"Ka gani!" in ji Emmett. "Ka karanta da kanka, ɗan ƙanena!"

Milo ya ɗago kai. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Wannan na Mama ne," ya ce a hankali. "Me ya sa aka kawo shi nan?"



Milo ya duba ƙasa, ya duba bayan kwalin.

"Ina furannin da muka ajiye mata?"

Daga nan ya fashe da kuka. Ba irin kukan wanda ya faɗi ya kuje gwiwa ba ne. Kuka ne mai fitowa daga can ciki. Malamin aji ɗaya ya zo ya ɗauke shi, ya fita da shi.

Misis Novak ta kira Emmett gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Shi kuwa da ta yi masa tsawa da ya fi jin sauƙi.

"Mahaifiyar Milo ta rasu a watan Yuli," in ji ta. "Shi ya sa ya dawo wurin kakarsa."

"Ban sani ba," in ji Emmett. "Wasa kawai nake yi."

"Na san ba ka sani ba. Ni ma ba komai na sani ba game da kowane yaro. Shi ya sa na kafa sharaɗin. Je ka kwashe su duka. Ka fita daga masu adon aji, kuma zan rubuta wa mahaifiyarka."

Emmett ya kwashe kwalayen da hannunsa, ya kai su kwandon shara. Ko Tasha ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba.

Da yamma Maman Emmett ta karanta takardar a kicin. Ta ajiye ta, ta dube shi.

"Mako nawa kana karanta wa yaron nan littafi?"

"Bakwai."

"A mako bakwai ɗin, ka taɓa tambayarsa wani abu game da kansa?"

Emmett ya yi tunani. Ya ba Milo labarin kekensa. Ya ba shi labarin karensu, da ƙwallon da ya ci. Amma tambaya? Ko ɗaya. Ya kifa kai a kan tebur, hawaye suka zubo.

Mama ta shafa bayansa. "Kuka ba zai gyara ba, ɗana. Amma ya nuna kana da zuciya. Sauran aikin na ƙafa ne da baki."

Ranar Alhamis Milo bai zo makaranta ba. Emmett ya wuce ta ƙofar aji ɗaya sau uku. Kujerarsa babu kowa. Ga shi gobe ne bikin.

Bayan an tashi, Mama ta kai shi gidan kakar Milo a mota. A duk layin, gidan ne kaɗai babu kabewa a ƙofarsa.

Tsohuwar ta buɗe musu. Idanunta sun yi ja.

"Kai ne mai zanen?" ta tambaya.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Na zo ba da haƙuri."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matsa gefe. "Yana ƙarƙashin teburin cin abinci. Ya ce shi da makaranta har abada. Shiga ka gwada."

Emmett ya durƙusa, ya leƙa. Milo yana zaune, ya rungume gwiwoyinsa. Emmett ya rarrafa ya zauna kusa da shi.

"Milo, kwali ne kawai. Ni na yanka, ni na rubuta. An hana ni, na ƙi ji. Na Mamanka yana nan inda yake. Babu wanda ya taɓa shi."

Milo ya dube shi ta gefen ido. "Da furannin?"

"Da furannin, Milo," in ji kakarsa daga bakin ƙofa. "Ranar Lahadi za mu je ka gani."

"Ka yi haƙuri," in ji Emmett. "Don Allah."

Milo bai ce komai ba. Bakin Emmett ya yi ta ƙaiƙayi. Yana so ya kawo wani labari, ko wani abin dariya, don shirun ya wuce. Amma ya danne. Ya yi shiru, ya jira.

Can sai Milo ya ce, "Mama ta ce bana mujiya zan zama."

"Mujiya?"

"Ta fara ɗinka min rigar. Fiffike ɗaya ta gama. Sai aka kai ta asibiti."

"Ina rigar take?"

Milo ya nuna sama da yatsa.

Kakar ta share ido da bayan hannu. "Tana cikin jaka a kan kabad. Na kasa buɗe ta. Kuma yatsuna ba sa riƙe allura yanzu."

Maman Emmett ta tuɓe rigar sanyinta, ta rataye a kujera. "Nawa suna riƙewa, idan kun yarda."

Kakar ta dubi Milo. Milo ya gyaɗa kai.

Aka sauko da jakar. Rigar ruwan ƙasa ce mai laushi. Fiffike ɗaya ya sha ɗinki, gashin a jere reras. Ɗaya gefen kuwa babu komai, sai zanen alli da mahaifiyarsa ta yi. Milo ya sa hancinsa a jikin rigar, ya daɗe bai ɗago ba. Babu wanda ya hanzarta shi.

Sannan aka kama aiki. Emmett yana yanka gashin daga ƙyalle, Milo yana miƙawa, Mama tana ɗinkawa. Wasu Emmett ya yanka da faɗi, wasu sirara. Suna yi Milo yana magana. Ya ce Mamarsa tana soya 'ya'yan kabewa da gishiri. Ya ce ba ta iya fito ba, sai iska kawai ke fita. Emmett bai katse shi ba ko sau ɗaya.

Da za su tafi, Emmett ya tambaya, "Za ka zo gobe?"

Milo ya ɗaga kafaɗa kawai.

Ranar Juma'a aji ya cika da fatalwoyi da 'yan sama jannati. Jemagun Tasha suna lilo daga silin. An kawo ruwan tuffa da alewa. An rataye donat a zare, yara suna ƙoƙarin ci ba da hannu ba.

Emmett bai shiga wasan ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hanya. Duk wanda ya wuce sai gabansa ya faɗi.

"Zo ka sha ruwan tuffa mana," in ji Tasha. "Za ka huda ƙofar da ido."

"Sai anjima."

An ci rabin bikin. Emmett ya fara fid da rai. Sai ya ji takun sandar tsohuwa a baranda. Ga kakar Milo tana tafe a hankali. A bayanta kuma ga wata 'yar mujiya, ta riƙe gefen rigarta.

Milo ya tsaya daidai inda kwalayen suka taɓa zama. Ya duba dama, ya duba hagu. Babu komai a wurin sai Emmett.

Emmett ya miƙa masa hannu. Milo ya saki rigar kakarsa, ya kama.

"Kai, wannan mujiya ta yi kyau!" in ji Misis Novak. "Wa ya ɗinka maka?"

Milo ya buɗe hannuwansa duka biyu. "Wannan na Mama ne. Wannan kuma Emmett ne ya yanka." Ya duba shi da kyau. "Nasa ya karkace."

Aji ya kwashe da dariya. Emmett ya fi kowa yi. Milo ma ya yi, har giɓin haƙorinsa ya fito. Sannan ya ja Emmett zuwa wurin donat.

Tun daga ranar Emmett ya koyi abu biyu. Idan babba ya hana ka abu, sau da yawa ya hango abin da ba ka hango ba. Kuma kafin ka yi wasa da mutum, ka fara sauraronsa, domin abin da yake ba ka dariya wataƙila shi ne yake sa wani kuka.