Kukan Gauraka a Kanal ɗin Bunkure

Shekara uku Saliha tana neman hoton gauraka. Littafinta na tsuntsayen ƙasar Kano ya kammala, shafi ɗaya ya rage, kuma ranar Litinin za a kai shi maɗaba'a. Da ta ji an ga guda a gonakin shinkafar Bunkure, sai ta ɗauki kyamara ta kama hanya.

Rana ta yi ja lokacin da ta kafa kyamarar a bakin kanal. Wani manomi, Malam Dattijo, yana naɗe tiyon ban ruwa, ya ga ta fito da 'yar lasifika.

"Hajiya, wannan fa?"

"Kukan gauraka na naɗa, Baba. In ta ji 'yar'uwarta, sai ta fito."

"Kira ke nan. Mu nan ko ɗan cikinmu ba ma ƙwala wa kira a bakin ruwa in magariba ta kawo jiki."

"Minti biyar kawai."

Ya girgiza kai, ya tura kekensa.

Ta kunna. Kukan ya bi saman ruwa. Warin laka da taki, sauro a kunne, kwaɗi sun cika wuri da ƙara.

Sai kwaɗin suka yi tsit.

Daga tsallaken kanal aka amsa. Kukan sak na lasifikar, har da ɗan tarin da ya kufce mata ranar da ta naɗi sautin.

Ta kashe lasifikar. Ba a daina ba.

Shinkafa ta fara darewa biyu, alhali babu iska. Hannu ya saba, ta leƙa kyamara. Ƙafafun tsuntsu ne, sirara. Ta ɗaga kan kyamarar. Ta ƙara ɗagawa.

Ƙafafun ba su ƙare ba.

Aka yi tarin a bayan kunnenta.

"Ga ni," aka raɗa, da muryarta.

Bakinta ya buɗe da kansa zai amsa. Wani hannu mai kaushi ya damƙi gefen mayafinta.

"Kada ki amsa, kada ki waiwaya," in ji Malam Dattijo. Ya ja ta yana karanta Ayatul Kursiyyu, har suka hau titi.

Littafin ya fito babu gauraka. Saliha ba ta sake samun hoton tsuntsu ba. Duk inda ta tsaya, tsuntsun da ke wurin, ko da kurciya ce, sai ya daskare, ya zuba ido can sama da kafaɗarta, sannan ya tashi.