Shanyar Tumatir a Kan Dutse

"Haba Ni'imata! Magana ɗaya ce fa... Baba ya amince ko bai amince ba?"

"Ni dai ba zan faɗa a waya ba."

"Za ki kashe ni da raina!"

Ni'imatullahi ta danne dariya, ƙafafunta cikin ruwan kanal ɗin da ke shayar da gonakinsu. "Ba kai kake cika baki wai daga tagar jirgi kana hango gonarmu ba? To gobe ka leƙo. In ka ga falalen dutsen nan namu ya yi ja, an ba ka ni."

"In kuma bai yi ba?"

"Sai ka wuce Kano ka sha ruwa, Abdulrauf."

Injiniyan ruwa ne, shi ya zo gyaran kanal ɗin Kura bara, ya gyara ya tafi da zuciyar 'yar mutane. Duk wata kamfaninsu kan ɗauko su daga Abuja a wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera goma sha biyu. Shekara guda mahaifinta Malam Datti yana jan ƙafa. Ba ƙin yaron yake ba, idonsa ne ya yi rauni, kuma tun rasuwar mahaifiyarta Ni'ima ce idonsa, ita ce mai ba gona ruwa. Sai jiya ya ce, "Je ki, uwata. Ba zan ɗaure ki saboda albasa ba."

Washegari hantsi bai ɗaga ba ita da ƙawarta Murja sun yanka tumatir kwando shida. Suka baza shi a kan dutsen, ja wur, har gefe-gefe.

"Ke wannan shanya ce ko talla?" in ji Murja. "Ai ko daga Makka an hango!"

Ni'ima ba ta ji ta ba, ta yi nisa cikin tunani. Tana ganinsa ya manna goshi da gilashi. Shinkafa kore shar a ƙarƙashinsa, kanal yana ƙyalli, sai ga ɗigon ja a tsakiya. Zai dafe ƙirji, ta san shi, zai ce wa na kusa da shi, "Malam, ka ga can? Aurena ne!"

Azahar ta yi. Balbelu ne kaɗai suka gifta.

La'asar ta yi, wayarsa a kashe.

Sai ga Murja da ta je gida ta dawo a guje, ba mayafi, waya a hannu.

"Ni'ima... jirginsu... wai inji ne ya tsaya musu a sama. Ya faɗi a daji tun kafin su shigo jihar Kano. Babu wanda ya fita."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ni'ima ta zube a gefen shanyar.

Kwana uku ba ta kwashe tumatir ɗin ba, har ya yi baƙi ya ƙanƙance. Mutuwa ta san ta Allah ce. Abin da yake cin ranta daban ne.

Rana ta uku Malam Datti ya lallaɓo da sandarsa ya same ta a can.

"Baba, roƙona ya yi," ta ce. "Magana ɗaya ya nema, na hana shi saboda wasa! Ya tafi bai san an ba shi ni ba..."

Tsohon ya laluba ya zauna kusa da ita.

"Uwata, kin taɓa jin an ba da mace ta bakin tumatir? Ran nan da safe, yana filin jirgi, ni na kira shi da kaina. Na ce na ba shi, ya turo magabatansa."

Ta ɗago da sauri. "Ya sani?"

"Har kuka ya yi mini. Ya ce, 'Baba, don Allah kar ka gaya mata. Ta sha wahalar yanka, bar ni in gani da idona.' Wai har ya roƙi wani sun yi musayar kujera, ya koma bakin taga."

Ni'ima ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta. Kukan da ya maƙale mata kwana uku sai yanzu ya fito.

Da ta gaji ta miƙe, ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo buhu.

"Riƙe mini bakinsa, Baba. Bari mu kwashe."